Me ke kashe injin turbo a Gaya da Tunuga?

A garejojin Gaya da tashoshin mota, har zuwa Tunuga da Kamba, akwai maganar da ta zama kamar hukuncin alƙali: mota mai turbo ba ta ƙasar nan ba ce. Dillali na karya mata farashi, mai saye kuwa da ya hango TSI ko EcoBoost ko Kompressor a bayanta sai ya ja da baya. Hujjar guda ce: wane ya saya, ba ta shekara ba injin ya buga. Injinan suna bugawa kam. Sai dai in aka kwance su, galibi abin da ya kashe su daga tankin mai ya fito ko daga akwatin filtar iska, kayan da kuɗinsu bai kai ushirin kuɗin injin ba.

Lita ɗaya ta fetur na buƙatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai, wato kilo 14.7 na iska ga kowane kilo na mai. Tsohon inji irin na Peugeot 504 da kansa yake zuƙo iskar, iya abin da ya samu. Turbo da kwamfireso dura ta suke yi da ƙarfi. Kwamfireson da ke cikin Mercedes C200 Kompressor bel ne ke juya shi daga jikin injin, turbo kuwa hayaƙin da ke fita ne ke juya farfelarsa, fiye da sau 150,000 a minti ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi. Zugazugi ba ya da wuta tasa, gawayi ne ke ci, shi nasa hura shi. In maƙeri ya ƙara zuga, dole ya ƙara gawayi daidai gwargwado, kuma gawayin ya zama mai kyau; in da yashi a bakin zugazugin, cikin wutar za a watsa shi. Turbo ke nan. Yana ba ƙaramin inji damar ƙona man da sai babba ke iya ƙonawa, da sharaɗin iskar ta zo da tsabta da sanyi, man kuma ya iso a kan lokaci, da yawan da ake so da ingancin da ake so.

A wajen iskar aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Za ka ga an cire filta gaba ɗaya wai don mota ta numfasa, ko an fitar da ita an bubbuga da taya, an hure ta da iskar mai faci har takardar ta huje, an mayar. A ƙasar da hunturu ke rufe rana da ƙura, kuma hanyoyin ƙauyuka jar ƙasa ce, wannan kisan mummuƙe ne. Ƙurar da tsohon inji zai yi shekaru yana haɗiya, farfelar turbo ba ta jure mata: takan cinye bakin fukafukanta, ta wuce ta goge zoben fistin, mota ta fara shan baƙin mai. Samari masu son ƙara kuma sukan jefar da akwatin kamfani su ɗaura buɗaɗɗiyar filta mai kamar mazurari a gefen injin. Ƙarar tana da daɗin ji, amma iskar da take zuƙa ta cikin bonet ce, wadda ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kuma matse ta da turbo ke yi na ƙara mata wani zafin. Shi ya sa aka sa mata nata lagireto a gaba don ta huce kafin ta shiga. In ya toshe da laka ko tiyonsa ya tsage, ɗaure shi da roba ba gyara ba ne.

Batun mai ya fi sarƙaƙiya, don ya haɗa da aljihu da siyasar iyaka. Shekaru da dama fetur ɗin Najeriya mai tallafi ya yi ta kwararowa ta Kamba da hanyoyin daji, 'yan ruwa-ruwa na sayar da shi a kwalabe. Da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare ranar 29 ga Mayun 2023, arahar ta tafi, nauyin wadatar da Nijar ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana. Layukan mai na watan Maris 2025 sun nuna iyakarta. Duk lokacin da mai ya yi wuya kuwa, kwalba ke yin kasuwa, kuma babu mai awon abin da ke cikinta.

Injin turbo na fetur da aka ƙera don Turai da mai lamba 95 aka tsara shi, namu kuwa bai cika wuce 91 ba. Lambar nan ma'aunin juriyar mai ce ga matsi: mai ƙarancin lamba yakan fashe da kansa kafin lokacinsa, ya daki fistin yana kan hawa. Ita ce ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Ƙwaƙwalwar motar na jin ta, ta rage ƙarfi don ta kare injin, amma kariyar na da iyaka. In an surka fetur da kananzir, lambar ta ƙara faɗuwa, fistin na iya hujewa. Ko gidan mai bai tsira ba: a farkon 2022 an shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace kafin a janye shi.

Akwai kuma ɗabi'ar sayen lita biyu-biyu. Famfon mai na motocin zamani a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tanki kullum a ƙasa na nufin famfo kullum da zafi, yana tsotsar dattin gindi. In ya gaji, sai a sayo kowane famfo da ya shiga ramin. A tafiyar cikin gari ba za a ga bambanci ba. A kan hanyar Doso, lokacin da turbo ya cika injin da iska, ƙaramin famfon ya kasa kawo man da zai ishe ta, wutar ta yi zafin da ke narka ƙarfe. Sa manyan injekta ba tare da an sake saita ƙwaƙwalwar ba shi ma ɓarna ce ta ɗaya gefen: mai ya yi yawa, ya wanke bangon silinda.

Masu Hilux ta gazuwal mai D-4D su suka fi kowa kuka, suna tuna Land Cruiser mai injin 1HZ da ke shan duk abin da aka ba shi. Sabon tsarin na fesa mai da matsin da ya kai bar 1,600 ko fiye, ta ramukan da ba su fi kaurin gashi ba. Ɗigon ruwa daga jarka ko tsatsar duro ya isa ya lalata injekta huɗu. Kuma in aka murɗa famfo don mota ta ƙara ja, baƙin hayaƙin da ke biyo baya man da bai ƙone ba ne, zafinsa kuwa a kan turbo yake sauka.

Direba da makanike ba su kaɗai ke da laifi ba. A rahotonta na 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta ce ta auna gazuwal a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda farar wutar da ke cikinsa ta ninka iyakar Turai sau 378. A 2020 CEDEAO ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, Nijar kuma ta bar ƙungiyar a Janairun 2025. Jami'an kan iyaka sun iya ƙirga jarkoki da karɓar kuɗin fito. Da za a ba awon inganci rabin wannan himmar, a gidajen mai da shagunan kayan gyara masu cike da filtocin jabu, da an ragu.

Kafin nan, mai irin wannan mota ya riƙe abin da ke hannunsa. Ya bar akwatin iska yadda kamfani ya yi shi, ya canza filta da wuri lokacin hunturu. Ya sayi famfo da injekta da lambar injinsa, ya riƙa zubar da ruwan da filtar gazuwal ta tara, kada tanki ya sauka ƙasa da rubu'i. Bayan doguwar tafiya ya bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. Wanda ya san sana'arsa za ta tilasta masa shan man kwalba a ƙauyuka, gara ya nemi tsohon inji marar turbo tun a wajen saye.