Ko Ka Sani? Bawul Mai Ƙara a Cikin Zuciya da Maganin da Ya Faro a Matsayin Gubar Ɓera

Ko ka san akwai mutanen da, in ɗaki ya yi tsit, za ka ji bugun zuciyarsu daga inda kake zaune? Ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu irin na da. Ƙarar wata 'yar na'ura ce da likitoci suka ɗinke musu a cikin zuciya, wadda aka fi sani da bawul na ƙarfe, ko da yake na zamanin nan galibinsa ba ƙarfe ba ne.

Zuciyar ɗan Adam tana da bawul huɗu, aikinsu su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komowa. A ƙasashenmu abin da ya fi lalata su ga yara da matasa abu ne da ake rainawa: ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar da likitoci ke kira streptococcus. In ba a magance shi da penisilin ba, garkuwar jikin wani yaron sai ta rikice ta far wa bawul ɗin zuciyarsa. Shekaru su shuɗe, sai a ga saurayi ko budurwa ba sa iya hawa 'yar matattakala sai da haki, ƙafafu sun kumbura. In ɓarnar ta yi nisa, ba makawa sai an canza bawul ɗin.

A shekarar 1952 wani likita a birnin Washington, Charles Hufnagel, ya fara dasa wa majiyyaciya bawul mai ɗan ƙwallo a cikin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Ya yi aiki, amma ƙararsa har wanda ke can gefen ɗaki yana ji. A 1960, a birnin Portland na Amurka, wani matashin likitan tiyata Albert Starr da wani injiniya da ya yi ritaya, Lowell Edwards, suka yi nasarar canza bawul a cikin zuciyar kanta. Edwards gwani ne wajen ƙera famfon mai na jiragen sama, kuma da ya zo, zuciya sukutum yake son ƙerawa. Starr ne ya lallashe shi a fara da bawul ɗaya tukuna. Nasu ƙwallo ne a cikin ɗan keji: jini ya turo, ƙwallon ya matsa, jini ya nemi komowa, ƙwallon ya toshe hanya. Wanda ake yayi yanzu ya bayyana a 1977 daga kamfanin St. Jude Medical, zobe ne mai 'yan marafa biyu da ke buɗewa su rufe tare. Ana yin su da wani irin sinadarin gawayi mai tsananin tauri da santsi, wanda asali don lulluɓe makamashin nukiliya aka ƙirƙiro shi. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, wato wajen sau miliyan 36 a shekara, amma wannan ɗan abu yakan yi shekara talatin bai cinye ba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba. Jini ba ya son baƙo. Duk inda ya taɓa abin da ba jiki ba, sai ya fara daskarewa a kai. Gudan jinin da ya taru a kan bawul yana iya maƙale marafan, ko ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe wani sashe na ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa duk wanda aka sa wa irin wannan bawul zai sha maganin hana daskarewar jini, wafarin, kullum har ƙarshen rayuwarsa.

Labarin wafarin daga garke ya faro. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini, daga an yanke musu ƙaho ko an yi musu fiɗiya sai jini ya ƙi tsayawa. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa harawar wata ciyawa da ta yi fumfuna ce ke jawo hakan. A 1933 wani manomi a jihar Wisconsin ya ɗauko matacciyar karsana da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, ya kai wa masanin sinadarai Karl Paul Link a jami'ar da ke Madison. Sai wajen 1940 ɗaliban Link suka tace sinadarin da ke wannan ɓarna. Daga cikin danginsa da suka haɗa, mafi ƙarfi aka fitar kasuwa a 1948 a matsayin gubar ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane, kuma da shugaban Amurka Eisenhower ya samu bugun zuciya a 1955 aka ba shi, sai ƙyamar da ake yi wa maganin ta ragu.

Wafarin ba ya sa jini ya yi ruwa-ruwa. Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke daskarar da jini, da taimakon bitamin K, shi kuma maganin yana tare wa bitamin ɗin hanya ne, sai jini ya riƙa jinkirin daskarewa. Ana auna wannan jinkiri da gwajin da ake kira INR. Na mai lafiya yana wajen 1. Mai bawul na ƙarfe ana son nasa ya tsaya tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5, gwargwadon wurin da bawul ɗin yake. In ya yi ƙasa, jini ya daskare a kan na'urar. In ya yi sama, jini ya ɓalle a inda ba a so.

A nan ne ciwon kai da jiri suke da muhimmanci, domin ko INR ya yi ƙasa ko ya yi sama, matsalar tana iya zuwa da su. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne. Wanda bai daɗe da fitowa daga tiyata ba yana da ƙarancin jini, yana shan maganin fitsari da na hawan jini, in ya miƙe da sauri sai ya ga duhu-duhu. Zafin rana da ƙishirwa su ƙara. Wani kuma bugun zuciyar ne ya rikice, abin da ke yawan faruwa a makonnin farko bayan aiki. Amma jiri yana iya zama alamar jini na tsiyaya a ciki ba a sani ba, musamman in bayan gida ya koma baƙi ƙirin. Ciwon kai kuwa yana iya zama jini ne ke taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Wannan shi ne mai yaudara: mutum ya faɗi daga babur ko ya bugi dokin ƙofa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, sai bayan kwanaki ko makonni ciwon kai ya fara ƙaruwa, barci ya yi yawa, magana ta fara rikicewa.

Ba wanda zai iya bambance waɗannan daga kan tabarma, ko da likita ne, sai an auna jini, wani lokaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko mai tafe da amai, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, gani biyu-biyu ko suma, na asibiti ne a wannan sa'ar, ba na gobe ba. Haka duk buguwa a ka, ko ba rauni a waje. Haka haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari. In an je da wuri akwai makari, ana ba da bitamin K da ruwan jini mai ɗauke da sinadaran daskarewa. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci ya daina shan maganin don ya ji jiri. Ya guje wa zubar jini ke nan ya faɗa wa toshewar bawul.

A ganina babban haɗarin a wajenmu yana kemis ne. Kai na ciwo, a aiki yaro ya sayo ibuprofen ko diclofenac ko aspirin, alhali duk suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya fi dama, shi ma ba a maida shi abin kullum ba. Flagyl da Septrin, da ake sha don gudawa kamar ba komai ba, suna iya cilla INR sama cikin 'yan kwanaki, maganin tarin fuka rifampicin kuma ya ja shi ƙasa. Ganye irin su alayyafo da kabeji suna da bitamin K da yawa. Ba a hana ci ba, abin da ake so kada a yi wata guda ba a taɓa ba, sannan damina ta zo a dinga ci safe da yamma. Jiƙe-jiƙen gargajiya ba a san abin da za su yi wa ma'aunin ba, ƙaho da tsaga kuwa sai a haƙura.

Za ka ce ai yanzu akwai sababbin magungunan da ba sa bukatar yawan gwaji. Akwai, amma ba don wannan na'ura ba. An gwada dabigatran ga masu bawul na ƙarfe, aka tsayar da gwajin tun bai ƙare ba saboda shanyewar jiki da zubar jini sun fi yawa, sakamakon ya fito a 2013. Gwajin apixaban ma an dakatar da shi a 2022. Akwai kuma bawul da ake yi da fatar zuciyar saniya ko bawul ɗin alade, wanda yawanci wata uku kawai ake shan wafarin bayansa, sai dai yakan tsufa cikin shekara goma zuwa ashirin, ga matashi ma ƙasa da haka, a sake buɗe ƙirji. Ga mace mai son haihuwa zaɓin ya fi wuya, don wafarin yana iya nakasa ɗan tayi a watannin farko na ciki.

An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya a Enugu a 1974, kuma tun 2007 cibiyar Salam da ke kusa da Khartum ta yi wa dubban 'yan Afirka irin wannan aiki kyauta. Tiyatar ta yini ɗaya ce. Gwajin INR kuwa ana so a yi shi aƙalla sau ɗaya a wata in ma'auni ya daidaita, fiye da haka in an canza magani, kuma mai zama a ƙauye sai ya yi kuɗin mota zuwa babban gari kowane karo. Shi ya sa likitan ƙwarai, kafin ya zaɓa wa majiyyaci irin bawul ɗin da zai sa masa, yakan tambaye shi nisan gidansu da ɗakin gwaji mafi kusa.