Bonsai: Tsohon Itace A Ƙaramin Kasko

Mutanen Japan suna da wata sana'a da suka koyo daga ƙasar Sin, sunanta bonsai, watau itace cikin kasko. Itace ne kamar kowane, sai dai ana rage masa saiwa, ana datse rassansa, a naɗa musu waya don su bi inda ake so. Da haka sai ya tsufa bai wuce kamu biyu ba.

Watan Agusta, ƙarshen lokacin zafi a can, shi ne watan hatsari. Ƙasar kaskon kaɗan ce, nan da nan take bushewa. In aka yi sakaci kwana biyu, aikin shekaru sai ya lalace. Don haka akan ba shi ruwa safe da yamma, a kai shi inuwa da azahar. Wajen ƙarshen watan kuma mai lambu yakan shuka kabeji da daikon, wata farar saiwa mai siffar karas, don ya ci da sanyi.

Akwai wani bonsai da aka fara renonsa a 1625. Yana Hiroshima bom ɗin 1945 ya faɗi, bai mutu ba. A 1976 aka ba Amurka kyautarsa. Shekara 400 ke nan, kowace safiya sai an sami mai ba shi ruwa.