Daidaita Taki da Iskar Kabon a Matsayin Hanyar Shawo Kan Gansakuka a Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Hausawa kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka lamarin gansakuka yake a akwatin gilashin da ake kiwon kifi tare da tsirran ruwa. Ƙwayoyinta na cikin ruwan a kodayaushe, amma ba ta cika mamaye ganye da gilashi ba sai tsirran sun raunana. Da zarar mai kiwo ya ga kore ya yawaita, yakan daina zuba taki, da zaton yunwa za ta kashe ta. Sai dai tsirran ne ke fara galabaita, domin gansakuka na iya rayuwa da ɗan abin da ba zai ishe su ba.

Bayanin wannan yana cikin ƙa'idar da masanin kimiyyar nan na Jamus, Justus von Liebig, ya yayata a ƙarni na 19: sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke iyakance girman tsiro, komai yawan sauran. A cikin akwati, haske ne ke ingiza tsiro ya nemi abinci. Idan fitila ta yi ƙarfi alhali iskar kabon ko naitrojin ko fosforas ko potasiyam ya gaza, sai girma ya tsaya, ganye ya fara ruɓewa, gansakuka ta samu gindin zama.

Kabon ne ya fi saurin gazawa, saboda ruwa ba ya samun wadatarsa daga sarari. Takashi Amano, ɗan ƙasar Japan, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar tura iskar cikin ruwa daga tukunyar gas. Masu kiwo kan nemi kimanin miligiram 30 a kowace lita. Ana buɗe iskar awa ɗaya ko biyu kafin a kunna fitila, a rufe ta da dare, domin tsiro ba ya amfani da ita cikin duhu, kuma yawanta yana shaƙe kifi. Hawa da saukar adadinta ma illa ce, don ana danganta shi da baƙar gansakuka mai kama da gemu. Ruwan maganin da ake sayarwa da sunan kabon kuwa, galibi sinadarin gulutaraldihaid ne, wanda ke kashe gansakuka, amma yakan narkar da wasu tsirrai irin su Vallisneria.

Dangane da taki, tsarin da Tom Barr ya shahara da shi ya tanadi a riƙa zuba isasshe, sannan a canja rabin ruwan duk mako don kada ya taru. Fitila kuma a taƙaita ta zuwa awa 6 ko 8 a rana.

Idan za a yi gyara, abu ɗaya ake sauyawa, a jira mako biyu ko uku. Sabon ganye ne shaida: idan ya fito tsaf, an dace da ma'auni.