Kwamfutar da ta yi barci ta ƙi tashi: kafin a ɗora wa batir laifi

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft na Amurka ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, watau laftof, suka shiga neman mafita. Windows 11 ba kowace na'ura take yarda ta hau ba, galibin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ta ƙi su. To, irin waɗannan na hannu, da a nan Ikko ake kira tokumbo, su ne jibge a kasuwar Computer Village ta Ikeja da ta Alaba, su ne kuma 'yan'uwanmu da yawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun suke saye saboda sauƙin kuɗi. Wannan ya sa wasu suka koma ga Linux, babbar manhajar nan ta kyauta wadda wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya soma rubutawa a birnin Helsinki a 1991, wadda kuma kowa yake da ikon ya duba cikinta ya gyara. Ubuntu da Linux Mint, da aka fi sani a shagunan gyara, duk rassanta ne.

Linux tana tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura, amma akwai wata cuta da take yawan damun masu ita. Mutum ya rufe murfin laftof ɗinsa domin ta yi barci, ya jefa ta jaka ya shiga danfo. Ko da zai isa gida sai ya tarar da ita da zafi kamar an sauke ta daga murhu, batir kuwa ya ƙare ƙaf. Wani kuma zai buɗe murfin ya ga fitila tana ci, fanka tana juyawa, amma allo baƙi ƙirin, tilas ya danne maɓallin wuta ya kashe ta da ƙarfi, aikin da bai adana ba ya bi ruwa. In an kai shago, abin da akan fara cewa shi ne batir ya mutu ko allo ya lalace, a sayi sabo. Sau da yawa kuwa asarar kuɗi ce kawai, domin ciwon ba nan yake ba.

Barcin kwamfuta yana da ƙa'ida. A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da wani tsari mai suna ACPI, wanda ya shata matakan hutun na'ura. A matakin da ake kira S3, ana kashe kusan kome, sai ma'adanar aiki, watau ram, ita kaɗai ake bar wa 'yar wuta domin ta riƙe abin da mutum yake yi. Kafin a kai nan, sai Linux ta tsayar da duk ayyuka, ta bi sassan na'ura ɗaya bayan ɗaya, na sauti da na hoto da na intanet da sauransu, ta kwantar da kowanne, kana ta miƙa ragamar ga BIOS, watau 'yar manhajar da maƙera suka dasa a cikin na'urar. Wajen tashi kuma a bi sahun nan a koma da baya. In sashe ɗaya ya ƙi amsawa, duk ayarin ya tsaya. Ga shi kuwa yawancin maƙera da Windows suke gwada kayansu kafin su fitar kasuwa, saboda haka kurakuran BIOS da Windows take haƙuri da su, Linux ce take tuntuɓe a kansu.

Abin mamaki, tsohuwar laftof ta fi sabuwa iya barci. Daga zamanin Windows 8, a 2012, Microsoft ya shigo da wani sabon salo irin na wayar hannu, inda na'ura ba ta kwanciya sosai, gyangyaɗi kawai take yi da ido ɗaya a buɗe. A Linux sunan wannan salo s2idle. In kowane sashe ya ba da haɗin kai, ba ya cin wuta da yawa, amma in ɗaya ya ƙi lafawa, sai na'ura ta yi ta shan batir a cikin jaka alhali allonta a kashe yake. Maƙera da dama sun cire S3 daga sababbin na'urorinsu ɗungum. Alal misali, a 2018 kamfanin Lenovo ya fitar da ThinkPad X1 Carbon zubi na shida babu shi, sai da masu Linux suka yi ta kuka kana ya sabunta BIOS ɗin, ya sa wurin da mutum zai zaɓi barci irin na Linux ko na Windows 10.

Gane wanda na'ura take bi ba wuya. A buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umurni, wadda ake kira Terminal, a rubuta cat /sys/power/mem_sleep. Za a ga kalma ɗaya ko biyu, s2idle da deep, wadda aka kewaye da baka ita ce take aiki. In deep ta fito amma ba ita aka zaɓa ba, sai a rubuta echo deep | sudo tee /sys/power/mem_sleep, a rufe murfin a gwada. Lalle a gwada sau da dama, domin akwai na'urorin da sunan kawai ya rage, in sun shiga barcin ba sa fitowa. In an ga ya yi, sai a ƙara mem_sleep_default=deep a cikin fayil ɗin /etc/default/grub, a layin da aka rubuta quiet splash, a bi shi da sudo update-grub domin ya zauna. In kuwa deep ba ta fito ba, kuma babu zaɓinta a BIOS, to da wuya a sami dabarar da za ta ƙirƙiro ta. Wanda zai yi doguwar tafiya, kamar daga Ikko zuwa Kano a mota, gara ya kashe na'urarsa gaba ɗaya, domin zafin jaka yana rage wa batir kwana.

Shi batir ɗin ma ana iya tambayarsa kafin a yanke masa hukunci. Umurnin upower -d yana nuna, a layin da aka rubuta capacity, kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa na asali ya rage. Wanda ya ga nasa yana da kashi 80, amma na'ura ta kwana a rufe ta wayi gari babu caji, ya san ba batir zai saya ba.

Wata kuma da an kwantar da ita sai ta farka nan take. Wannan mai sauƙi ne, wani abu ne yake tashinta. A fara zare duk abin da aka cusa mata, filas da modem da ɗan tsinken nan na linzami marar waya, a sake gwadawa. Umurnin cat /proc/acpi/wakeup yana jera sassan da aka ba ikon tashinta, wanda aka fi kamawa da laifi kuwa shi ne XHC, mai kula da ramukan USB. Ana hana shi da echo XHC | sudo tee /proc/acpi/wakeup, sai dai na'ura takan manta da wannan da zarar an kashe an kunna.

Baƙin allo shi ya fi tayar da hankali, shi ne kuma aka fi cutar mutane a kansa. Farkon abin yi shi ne a danna maɓallin Caps Lock a dubi 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, na'ura a farke take, hoton ne kawai bai dawo ba. Sai a danna Ctrl da Alt da F3 tare. In rubutu ya bayyana, allo lafiyarsa ƙalau, a koma da Ctrl da Alt da F2 a Ubuntu, ko F7 a Mint. Masu na'ura mai sashen hoto na Nvidia su ne suka fi shan wannan wahala, domin abin da ke cikin ma'adanarsa yakan zube in an yi barci, sai an kunna wasu ayyuka biyu da suke zuwa tare da direbansa, nvidia-suspend da nvidia-resume, an kuma umurce shi ya riƙa adanawa. In fitilar ba ta motsa ba kuwa, na'ura ta sandare. Bayan an kashe an kunna, sai a rubuta journalctl -b -1, wanda yake buɗe littafin da Linux ta rubuta duk abin da ya faru a kunnawar da ta wuce. A gangara ƙarshe a nemi layin PM: suspend entry. In babu PM: suspend exit a bayansa, ba ta gama tashi ba ke nan, kuma wani lokaci sunan sashen da ya kawo cikas yana nan kusa. Mai gyaran da bai duba wannan littafi ba ya ce a canja allo, canki-canka yake yi da kuɗin mutane.

Akwai tambaya ɗaya da take rage aiki ƙwarai, watau yaushe ciwon ya soma? In jiya lafiya lau, yau bayan sabuntawa ta ƙi tashi, to sabuwar zuciyar Linux ce, wadda ake kira kanel, ta zo da matsala. A riƙe Shift ko a danna Esc lokacin kunnawa, a shiga Advanced options, a zaɓi ta baya, a zauna a kanta har gyara ya fito. In kuwa tun ranar farko haka take, sai a sabunta BIOS. Na'urorin Dell da Lenovo da HP da yawa suna karɓar wannan daga cikin Linux da umurnin fwupdmgr update. Amma a ƙasar da ake ɗauke wuta babu sallama, kada a soma sai batir ya cika kuma caja tana jone, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya kashe na'ura har lahira.

Wanda intanet ɗinsa ne kawai ba ya dawowa bayan barci, ya gwada sudo systemctl restart NetworkManager tukuna.

Ga mai shirin saye kuma, Ubuntu da Mint suna tashi daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Ya tafi kasuwa da filas ɗinsa a aljihu, ya nemi mai kaya ya bar shi ya kunna, ya rufe murfin ya buɗe kamar sau biyar, wani da caja wani babu, yana duba allo da sauti da intanet kowane karo, kafin a shiga maganar farashi.