Jugum Dabam, Tsuru-tsuru Dabam

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan waɗansu 'yan kalmomi da mu kan raina, watau waɗanda ke nuna yadda hankalin mutum ya tashi. Masana nahawu suna ce da su amsa-kama, kuma sau da yawa aikin bayanau suke yi.

Yawancinmu a nan ƙasar Kafanchan ba Hausa muka sha a nono ba. Wani Jju ne harshensa, wani Tyap, wani Fantswam. Hausar kasuwa da ta tashar jirgin ƙasa muka tashi da ita, tare da ta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa dukansa cikin Hausa a 1932. Saboda haka ko me ya same mu sai mu ce "na damu ƙwarai", shi ke nan. Amma "ƙwarai" yawa kaɗai take nunawa, ba ta faɗin irin damuwar.

Ku duba. Wanda ke jiran sakamakon jarrabawa zuciyarsa tana ɗar-ɗar, gama abin bai zo ba tukuna. Kadan mugun labari ya iso farat ɗaya, sai gabansa ya faɗi ras. Bayan wannan ya zauna jugum, ba magana, ya yi tagumi. In abin ya daɗe har jiki ya mutu, ya zama sukuku. Tsuru-tsuru kuwa wani abu ne dabam: na wanda aka ritsa ne, ya rasa ta cewa, idanu a waje. Wuƙi-wuƙi ta fi ta muni, don ita kusan kullum da warin laifi take tafe. Ƙamus na Bargery na 1934 ya tattara irinsu da yawa, sai dai nauyinsa ya kan hana ragwaye irina ɗaukarsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa wata makarantar ƙauye, kuɗin wani yaro ya ɓace a ajina. Hedimasta ya ce in rubuta abin da na gani. Na rubuta cewa da na yi tambaya, wani yaro na bencin baya ya yi tsuru-tsuru. Ni a nufina ya yi shiru ne, ransa a ɓace. Hedimasta kuwa Bazazzagi ne, ya san Hausa sarai, ya karanta kalmar yadda take. Aka kira yaron gaban makaranta, aka tuhume shi.

Kashegari aka tsinci kuɗin cikin littafin mai shi. Ashe uwar yaron ce ke kwance a asibiti kwana huɗu, jugum ya yi. Na je na roƙe shi gafara, ya ce, "Ba kome, Malam." Amma har na bar makarantar bai ƙara ɗaga hannu a ajina ba.