Takarda Ta Sake Cewa "Positif"? Kada Ka Jefar Da Maganinka

A Gaya, ba abin mamaki ba ne ka ga mai ciwon hanta na B da takardun awo iri biyu a aljihu, duk sun sha ninki: ɗaya da Faransanci daga Doso ko Yamai, ɗaya da Turanci daga Birnin Kabi ko Sakkwato, tunda iyakar Nijeriya ta Kamba nan kusa take. Waccan ta rubuta AgHBs, wannan HBsAg. Duk kanwar ja ce. Ɓawon ƙwayar cutar ne da ke yawo a jini, wanda Baruch Blumberg ya gano a 1965, har aka ba shi kyautar Nobel a 1976.

Kalmar "positif" a gaban wannan awon ce ke karya gwiwar mutane. Mutum ya shekara yana haɗiyar tenofobir kullum, ya koma awo, ya tarar da "positif" tana nan daram. Sai ya ce ashe asarar kuɗi yake yi, ya nufi mai sassaƙe ranar kasuwa.

Ba a nan ake gane aikin magani ba. Tenofobir da entekabir hana ƙwayar hayayyafa suke yi, amma irinta yana maƙale can cikin ƙwayoyin hanta inda magani bai kai ba, yana ci gaba da fitar da ɓawon. Kamar ka sare geza ne a gona, saiwa na ƙasa. Shi ya sa cikin masu shan magani ɗari, da wuya fiye da ɗaya ya rabu da AgHBs a shekara.

To, me za a duba? Babban abu shi ne yawan ƙwayar a jini, wanda takardun Faransanci ke kira charge virale. In ya yi ta sauka har na'ura ta kasa ganinsa, magani ya ci. Sai ALAT, sinadarin da ke tsiyayowa cikin jini idan hanta na jin jiki. Komawarsa daidai na nufin kumburi ya lafa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ƙwayarsa ta haura 2,000 a kowace mililita, kuma ALAT ɗinsa ya hau, ya cancanci fara magani.

Garkuwar jiki ma tana barin sawunta. Wanda ya fara da AgHBe, alamar cewa ƙwayar na hayayyafa da ƙarfi, in ta ɓace anti-HBe ta maye gurbinta, jikinsa ya fara yi wa cutar linzami. Anti-HBs kuwa shaidar kariya ce, irin wadda rigakafi ke bayarwa. Nijar ta sa rigakafin cikin alluran yara a 2008, Nijeriya tun 2004. Mai ciwon hanta na C ma ya lura: ana warkewa cikin mako 12, amma awon anti-VHC zai ci gaba da nuna "positif". Tabo ne kawai, gyambon ya warke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanke magani kwatsam, ko don kuɗi sun ƙare ko don tafiyar fatauci ta yi tsawo. Ƙwayar takan taso da ƙarfinta, garkuwar jiki ta afka mata, hanta ce filin daga. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, a ce ai shawara ce, a jiƙa saiwa. Ga wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe, wannan na iya zama ajali.

Awon charge virale na da tsada, Yamai kuma tafiyar kusan kilomita 300 ce. Duk da haka, gara ka tara kuɗin wannan sau ɗaya a shekara da ka yi ta maimaita AgHBs kana ƙona zuciya. Ka haɗa da awon ƙoda, domin tenofobir na iya taɓa ta, da hoton ciki duk wata shida in likita ya ce. In za ka ƙetare kogi zuwa Malanbil ko ka gangara Kwatano, ƙirga ƙwayoyinka kafin ka ƙirga kuɗin mota. Sannan ka kai uwargida da yara a auna su.