In Kyamara Ta Motsa, Ƙafar Ɗan Zane Sai Ta Zame

Daga Wakilinmu a Zariya

Duk wanda ya taɓa shiga mota a Dogarawa ya nufi Kwangila, in ya leƙa ta taga, zai ga wani abu da idonsa ya saba da shi har ya daina lura. Turakun wutar lantarki da ke bakin titi suna wucewa a guje, gidajen da ke bayansu suna tafiya sannu-sannu, gajimare kuwa sai ka ce ya tsaya cik. Alhali motar ce kaɗai ke gudu. Wannan ruɗin ido, wanda fasinja ba ya asarar kome a kansa, shi ne ke cinye wa masu koyon fim ɗin zane a kwamfuta makonni na aiki, da kuɗin fetur mai yawa.

Zariya dai tsohuwar cibiyar zane ce. Tun a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Na yanzu sun sami abin da waɗancan ba su samu ba, watau manhajar da ke sa zane ya tashi ya yi tafiya. Wadda ta fi sauƙin samu ita ce Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holand ya ƙirƙiro, aka kuma sake ta kyauta a 2002 bayan masu amfani da ita sun tara Yuro 100,000 cikin mako 7. A cikinta akwai ɗan wasa na zane mai gaɓoɓi kamar 'yar tsana, akwai fili, akwai kuma kyamara ta ƙarya wadda ke tashi sama ko ta kewaya gida ba tare da kowa ya ɗauke ta ba. A nan matsalar take.

Mu ɗauki misalin ɗalibin da ke haya a Dogarawa, yana shirya fim na minti 5 domin aikinsa na shekarar ƙarshe. Yana son a ga yarinya ɗauke da ƙwaryar nono tana tafiya kasuwa, kyamara kuma tana biye da ita. Ya sa kyamarar ta fara tafiya, sa'an nan ya zauna yana motsa ƙafafun yarinyar yana kallo ta idon kyamarar. A allon kome daidai. Sai ran da ya kalli aikin daga gefe, ya tarar ƙafar da ya kamata ta kafe a ƙasa tana zamewa kamar mai taka santsi, domin tun farko bai iya rarrabe motsin yarinyar da motsin kyamarar ba. Ya zama fasinjan nan na motar Kwangila.

Ga lissafin asarar. Fim yana cin hoto 24 a kowane sakan, minti 1 ke nan hoto 1,440, minti 5 kuwa hoto 7,200. Kowane hoto sai kwamfuta ta wanke shi, watau ta lissafa haskensa da inuwarsa da launinsa. In a ce kowane ɗaya yana cin minti 2, to aikin zai ɗauki awa 240, kwana 10 cur dare da rana. Wanda ya san halin wutar lantarki ya san yawancin waɗannan awoyi a kan janareta za a yi su. Saboda haka kuskuren da aka gano bayan an wanke hoto, ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke jiran kuɗin abinci daga gida.

Maganin farko ba a cikin manhaja yake ba, a cikin tsarin aiki yake. A manyan kamfanonin fim ɗin zane, ba a taɓa yatsan ɗan wasa sai an gama da kyamara. Ana fara zana labarin a takarda, hoto bayan hoto. Daga nan a jera akwatuna da sanduna a madadin mutane da gidaje, a gwada tafiyar kyamara a kansu har a gamsu, sa'an nan a kulle ta. A Blender akwai 'yar alamar kwaɗo kusa da lambobin matsayin kyamara, wadda in an danna ta hannu ba zai ture kyamarar bisa kuskure ba. Dalilin wannan tsari a fili yake: mai motsa ɗan wasa yana gyara tsayuwarsa ne domin idon da zai kalle shi. Hannun da ya fito sarai daga gaba, in kyamara ta koma gefe sai jiki ya rufe shi. Wanda ya sāke wa kyamara hanya bayan ya gama motsi, ya sayi aiki sabo.

Bayan an kulle ta, sai a raba allon kwamfuta biyu. Ɓangare ɗaya ya nuna abin da kyamara ke gani, ɗayan kuma ya tsaya daga gefe ba ya motsi. A na biyun ake dasa ƙafa, a tabbatar diddige ya zauna wuri ɗaya har ɗaya ƙafar ta wuce. A na farkon ake duba ko tsayuwar ta yi kyau ga mai kallo. Wasu kuma sukan kashe motsin kyamarar na ɗan lokaci, su gama tafiyar, sa'an nan su kunna shi.

Inda aikin ya fi wuya shi ne in ɗan wasa da kyamara suna gudu tare, alal misali mahayi a kan doki ranar hawan salla. Dabarar da aka saba ita ce a kawo wani abu wanda ba ya fitowa a hoto, a ɗaure dokin da kyamarar a jikinsa, kamar yadda ake ɗora kaya biyu a amalanke ɗaya. Muddin amalanken yana tsaye, dokin yana sukuwa a wuri ɗaya a gaban kyamara, mai aiki yana ganin kowace gaɓa ba tare da ruɗi ba. In ya gama sai ya tura amalanken. Amma fa dabarar tana da nata tarko, domin dole saurin amalanken ya yi daidai da faɗin taku. Mu koma ga mai nonon nan: in takunta santimita 60 ne, kuma tana yin sa cikin hoto 12, to tilas abin da ke ɗauke da ita ya matsa santimita 5 a kowane hoto. In ya yi 6 ko 4, santsin nan ya dawo. Wannan lissafi ne na firamare, amma shi ne aka fi tsallakewa.

Mutanen da ba su da kwamfuta sun bi ta wata hanya. Kyamararsu tana kafe a sama tana kallon tebur, sai a riƙa jan hoton fili a ƙarƙashin ɗan wasa kaɗan-kaɗan. A 1937 kamfanin Disney na Amurka ya nuna fim ɗin The Old Mill, wanda aka ɗauka da wata kyamara mai hawa-hawa na gilashi: na kusa ana jan sa da sauri, na nesa a hankali, daidai da turakun wuta da gajimaren hanyar Kwangila. Har yau mai zane shimfiɗaɗɗe yana iya yin haka a kwamfuta, ya bar kyamara a tsaye ya ja fili.

A ganina, yawancin yawon da kyamara ke yi a finafinan masu koyo ba labari ne ya nema ba. An ga abin kyauta ne aka kama shawagi da shi. Ya kamata ɗalibanmu su nemi aikin marigayi Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma yi zama mai tsawo a Tawa. Ya ƙaro ilmin sana'ar a Kanada wajen Norman McLaren. Fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966 bai wuce 'yan mintoci ba, zane ne na layi mai sauƙi, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabta. Abin da ke ba mutane dariya a ciki shi ne taƙamar kwaɗon da faretin sojojinsa, kuma da ɗan kayan aikin da ke hannunsa ya yi shi.

Ɗalibin Dogarawa da ke da fim na minti 5 zai iya barin kyamararsa a tsaye a yawancin fitowa, ya ajiye tafiyarta domin wuri ɗaya ko biyu da labarin ya bukata, kamar lokacin da mai nonon ta shiga tsakiyar kasuwa. Kafin kuma ya tayar da janareta, ya fara fitar da gwaji marar launi da inuwa, wanda ba ya cin lokaci, ya kalle shi sau uku yana duban ƙafafu kaɗai.